Shuɗin Madafin Gwaggo

Gwaggo ta rasu ranar Talata da hantsi, a cikin watan Rajab, a gidanta da ke Gumel. Mu na Allah ne, wurinsa kuma za mu koma, ita dai ta riga mu tafiya. Kafin la'asar an kai ta makwancinta, kafin magariba tsakar gida ta cika da mata ba masaka tsinke. Dangin mijinta marigayi sun zo daga Sule Tankarkar mota guda, ƙawayenta na Gagarawa Tasha sun zo, har wata tsohuwa mai sayar da shuni a kasuwar Maigatari ta dogaro sandarta ta zo, ta zauna a bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi.

Kowa da abin da ya tuna. Wata ta ce Gwaggo ce ta yi mata wankan jego lokacin da ba ta da kowa a garin. Wata ta ce ta taɓa wanke ta tas a gidan biki saboda ta kai wa baƙi tuwo mai gudaji, aka yi dariya ana hawaye. Duk wannan ya yi mini daɗi. Waɗanda suka ishe ni su ne masu tashi daga tabarma su je su leƙa kicin.

Su leƙa, su riƙe baki, su dawo su dafa kafaɗata. "Kai, Hajiya ta mori 'ya! Kin ga kicin kuwa? Shuɗi tun daga ƙasa har sama. Allah ya ba ki masu yi miki." In ce amin, alhali ji nake kamar in tashi in garƙame ƙofar in jefa makullin a rijiya. Tsofaffin lungunmu ko kallon wajen ba su yi ba, don sun san abin da na sani. Ni na rushe wa Gwaggo madafinta na gina mata wannan, kuma ta yi shekara huɗu bayan haka ba ta dafa ko ruwan shayi a cikinsa ba. Albarkar da na yi aikin domin in samu, har aka fita da ita ban ji ta daga bakinta ba.

Ƙanwar mahaifina ce. An kai ni wurinta yaye, ta ƙi mayar da ni, mahaifina kuwa bai ja da ita ba, don ba wanda ke ja da ita ya sha da daɗi. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba. "Uwata" take cewa. In na ɓata mata rai sai in koma "ke 'yar nan."

Gajeriya ce, ga faɗa, ga tsafta har ta yi yawa. In ka wanke kwano sai ta sansana shi kafin ta yarda. Ba ta iya yabo ba. Ka yi abu ya yi kyau iyakar kyau, ta dube shi ta ce "To," ta wuce. "Allah ya yi miki albarka" kuwa sau biyu na san ta ce mini, ranar da na sauke Alƙur'ani da ranar da aka kai ni ɗakin miji. Wanda bai tashi a hannunta ba ba zai gane yadda mutum ke girma da yunwar kalma guda ba.

Amma wannan matar ce dai take fitowa ƙofar gida da yamma kamar mai shan iska, tana duba gidan da hayaƙi bai tashi ba. In ta gani sai ta cika kwano da tuwo, ta ɗauka da kanta ta shiga gidan tana mita. "Bakina ya mutu yau, ku ɗanɗana mini gishirin miyar nan." Ta aje ta fito, ba ta kuma tambayar gishirin. Akwai gidan da suka yi damina guda suna ɗanɗana mata gishiri.

Duk wannan tuwo daga madafi ɗaya yake fitowa. Ginin ƙasa ne a kusurwar gida, ƙofarsa sai an sunkuya, murhu biyu, randa a gefe, da 'yar kujerar tsugunno da ta lotsa daidai zamanta. Bangonsa shuɗi ne, wani irin shuɗi mai sanyi da ban taɓa gani a gwangwanin fenti ba. Hayaƙi ya yi shekara yana baƙanta shi, sai saura 'yan kwanaki azumi a yi ranar shafe.

Ranar shafe a gidanmu ta fi ƙaramar salla hidima. Tun ranar Alhamis Gwaggo za ta hau mota zuwa Maigatari ta zaɓo shuni da hannunta, ba ta aike. Farar ƙasa kuwa dangin mijinta ke aiko mata. Ranar da aka sa, matan lungu su taru kowacce da tsummanta, a kankare kunkunniya, a shafe bangon da hannu, ana hira ana shan fura. Gwaggo ba ta shafa ko taki ɗaya. Zama take a kujerarta tana rabon aiki, tana kushe na kowa.

Ni kam na tsani ranar. Hannuna ya yi mako yana shuɗi, 'yan ajinmu su yi ta kirana 'yar marina. Da na girma na fara aikin gwamnati a Dutse, sai na riƙa ƙirƙiro taro a ofis duk lokacin da aka ce shafe ya zo.

Shekarar da Gwaggo ta tafi aikin hajji ne na yi aika-aikar. Kowa ya san al'ada: alhaji ba ya dawowa ya tarar da gida yadda ya bar shi. Wasu su yi fenti, wasu su canja labule da shimfiɗa. Ni na ce tawa Gwaggon ta wuce labule. Kuma ina da hujja, har yau ban janye ta ba. Likitan ido ya ce hayaƙi ne ke cinye mata gani. Mace ta haura saba'in tana durƙuso gaban itace, idonta na zubar ruwa, ga ni ina ɗaukar albashi, me mutane za su ce?

Na zauna na tsara kicin kamar mai shirin jarrabawa. Tunda Gwaggo shuɗi take so, to shuɗi za ta gani. Na tara hotuna a waya har ta cika. Na zaɓi tayil mai duhun shuɗi a ƙasa, don kada datti ya nuna. Na bango mai haske, don ɗakin ya yi faɗi a ido. Durowoyi farare masu shuɗin hannu, don kada shuɗin ya yi yawa ya gundura. Sau biyu ina zuwa Kano saboda tayil ɗin da aka fara kawowa ya fi karkata ga kore. Na yi faɗa da kafinta, na yi faɗa da mai fenti, na sa aka sake rufin sama saboda shuɗinsa bai dace da na bango ba. Hatta bokiti da abin kwasar shara sai da na nemo shuɗɗa.

Yayana, babban wanmu, ya zo ya ga zanen ya ce, "Kin tambaye ta kuwa?"

Na ce, "Yaya, wa ya taɓa tambayar alhaji kafin a gyara masa gida?"

Ya ce, "Gyara daban, rusau daban." Ya sa takalminsa ya tafi. Shi haka yake, ya faɗi magana rabi ya bar ka da ita, ranar da ta ɓaci kuma ya ce ai ya faɗa.

Iya ma ta zo. Ita ce aminiyar Gwaggo, gidanta na jikin namu, tare suka yi amarci a lungun. Ta tsaya a ƙofar madafi ta ce, "Uwar Hajiya, ki yi naki ginin a can gefe, ki bar mata wannan."

Na ce, "Iya, in na bar shi ba za ta shiga sabon ba."

Ta dube ni ta ce, "To ashe kin sani."

Na sani ɗin. Wannan ne abin da ke hana ni sakat. Ba zan ce ban sani ba.

Ranar da aka fara rusau, maginin ya sa diga ya ɓantaro gefen bango, sai ya tsaya ya kira ni. "Ranki ya daɗe, zo ki ga wani abu." A bakin ɓantaren, shafe ne a kan shafe, shuɗi, baƙi, shuɗi, baƙi, sirara kamar ɓawon albasa, kaurinsu ya kai yatsa biyu. Ya ce shi tunda yake aiki bai taɓa ganin irinsa ba, ko in ɗauki guntu in aje? Na ce masa jirgin alhazai ba zai jira mu ba, ya yi sauri. Aka kwashe ƙasar a amalanke aka cike wani rami a bayan gari.

Gwaggo ta dawo da haƙorin Makka yana walƙiya. Aka yi guɗa, aka sha zamzam, aka raba dabino. Da mutane suka ragu na kama hannunta na ce ta zo ta ga tsarabar da muka yi mata mu ma. Na buɗe ƙofa, na kunna fitila.

Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shiga ba. Ta dubi ƙasa, ta dubi sama, ta dubi murhun gas da ke kan teburin girki daidai ƙirjinta. Sannan ta ce, "A ina ake zama?"

Na ce, "Gwaggo, a tsaye ake girki a irin wannan."

"A tsaye. Kamar mai laifi." Ta sa yatsa ta shafi tayil, ta dubi yatsan. "Asibitin ya yi kyau. Ina madafina?"

Yayana ya shiga duba wayarsa.

Washegari ta sa aka kawo mata duwatsu uku aka girka a gindin darbejiyar tsakar gida. A nan ta ci gaba da girki. Rana ta dake ta a nan, iska ta watsa mata ƙasa a miya a nan. Da damina ta kife tsohon kwanon rufi a kan itace, ta yi ta fifita jiƙaƙƙen itace hayaƙi na shiga idon nan da na ce zan ceta. Kicin kuwa ya zama wurin kai baƙi yawon buɗe ido. In an yi baƙuwa sai ta ce, "Je ki ga abin da ma'aikaciya ta yi." Na tashi daga Uwata, ban ma samu 'yar nan ba, na koma ma'aikaciya.

Na yi lallashi, na yi fushi, na turo malamin unguwa ya yi mata nasiha a kan karɓar kyautar 'ya'ya. Ta saurare shi har ya gama, ta zuba masa fura, ta tambaye shi ko shi a tsaye yake karantar da ɗalibansa. Na sa kafinta ya yi mata doguwar kujera, ta ɗora buhun albasa a kai. Na sayo ƙaramin murhun gas na ƙasa, ta ba wata amarya gudummawa.

A shekara ta biyu na fashe. Na zo hutu na tarar da ita tana tari a cikin hayaƙi, na ce, "Gwaggo, wai me na yi miki ne? Shuɗi kike so, na yi miki shuɗi. Na yi wata biyu ban huta ba. Ko kallon arziki ba ki yi wa abin nan ba. So kike a ce na bar ki a wulaƙance?"

Ta ci gaba da tuƙa tuwonta. Sai da ta kwashe malmala biyu sannan ta ce, "Wa ya ce miki shuɗi nake so?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Shuni ne ya fi rufe baƙin hayaƙi, shi ke nan. Da ja ke rufewa da ja zan saya." Ta nuna kicin da muciya. "Wancan naki, yaushe ake shafe shi?"

Na ce, "Ai daɗinsa ke nan, ba ya son shafe. Goge shi kawai ake yi."

"To da wane dalili zan tara matan lungu? In ce su zo su taya ni kallo?" Ta aje muciyar. "Ke kina ganin bango nake shafewa. Shekara nawa kina gidan nan, ba ki taɓa lura da wadda nake haɗawa da wadda ba? Duk biyun da na san suna gaba, bango ɗaya nake ba su, ƙwarya ɗaya. Ba ka tsoma hannu a ƙwarya ɗaya da mutum tun safe har azahar ba ka ce masa matsa ba. Daga matsa sai miƙo tsumma. Kafin a sha fura an yi dariya. Tunda na zo lungun nan ba a taɓa shiga azumi da gaba ba. Bara an shiga da biyu. Bana uku ne, har da 'yan ɗaki ɗaya."

Na ce, "To me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"In na faɗa wa zai zo?"

Gaskiyarta, kuma gaskiyar tata ta ƙara ba ni haushi. Mutum ya ɓoye abu shekara arba'in, sannan ya hukunta ka don ba ka gani ba. Na koma Dutse ina huci, na yi wata uku ban zo ba. Da na zo ta zuba mini abinci, ta sa mini tsokar da ta san ina so.

Bara, da azumi ya wuce, ita ta sauko. Ban taɓa jin Gwaggo ta roƙi abu ba sai ranar. Muna zaune a gindin darbejiya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Uwata, bango ɗaya. Ki sa a ɓamɓare mini kwalaben nan a bango ɗaya, a bar shi haka. Sauran ukun naki ne."

Uwata fa ta ce. Da ina da hankali da a ranar zan nemo magini. Amma sai na tuna zuwa Kano sau biyu, na tuna yadda shuɗin bangon ya dace da na rufi, na tuna matan da za su ce 'yar ta yi aiki tsohuwa ta ɓata. Na ce to, bari damina ta wuce. Damina ta wuce na ce bari a gama kaka, magina duk suna gona. Aka gama kaka aka yi mini canjin ofis. A raina cewa nake ai azumi da saura, kwana biyu ya isa a cire tayil.

Ciwon bai yi mako ba. Ranar Lahadi da la'asar ina zaune a bakin gadonta ina mata fifita, na ga yadda hannunta ya zube, tsoro ya kama ni. Na ce, "Gwaggo, ki yafe mini madafin nan."

Ta ce, "Na yafe, ba ki yi mini komai ba." Da sauri ta faɗa, yadda ake faɗa wa kowane mai zuwa dubiya. Can ta buɗe ido ta ce, "An kira maginin?"

Na ce, "Gobe zai zo." Ƙarya nake, ban kira shi ba.

Ta ce, "To."

Bayan sadakar bakwai na kira shi. Yayana ya ce wannan aikin banza ne, wadda ake yi dominta ta tafi. Na ce masa ya faɗi rabi ya tafi kamar yadda ya saba. Maginin ya ɓamɓare tayil ɗin bangon gabas, ya yi masa yaɓe, aka bar shi ya bushe. Na je Maigatari da kaina wurin tsohuwar nan na sayo shuni. Na aika Sule Tankarkar aka kawo farar ƙasa. Iya ta ce tana ganin Hajiya na jiƙa ƙaro, na nemo ƙaro mai kyau. Washegarin arba'in, azumi saura kwanaki, na bi gida gida na gayyaci matan lungu.

Shida suka zo, kowacce da tsummanta. Na dama fura, na jera kayan a tsakiyar kicin, na kawo ruwa a bokiti. Muka tsaya muna kallon juna.

Iya ta ce, "To bismilla, haɗa."

Na ce, "Iya, ai ku za ku haɗa. Ku kuka sani."

"Mu?" Ta dubi sauran. "Mu a haɗe muke tarar da shi. Kullum kafin mu shigo ta gama, yana cikin ƙore an rufe da faifai." Sai duk suka juyo suna kallona. "Ke da kika yi shekara ashirin a ɗakinta? Ba ta nuna miki ba?"

Ta so ta nuna mini. A tsaye a wurin na tuna. Duk ranar shafe bayan sallar asuba takan taɓa ƙafata ta ce, "Uwata, taso ki ga yadda ake yi." Ni kuma in ja mayafi in rufe kai.

Na haɗa yadda na ga dama. Muka shafa, ba hira, don ban san wadda zan tsayar kusa da wadda ba. Yana jiƙe ya yi kamar zai yi. Da ya bushe sai ya koma ruwan toka, dabbare-dabbare, ga sawun tsumma ko'ina. Iya ta sa tafin hannu ta shafa, ya biyo hannunta kamar gari. Ta kakkaɓe a zaninta, ta ce Allah ya ba da lada, suka fita ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga cikinsu ko sallama ba su yi wa juna ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata makwanci, ya sa tuwon da ta kai gidajen da ba hayaƙi ya tarye ta a can. Ya yafe mata taurin kanta, ni ma ya yafe mini nawa, don a wurinta na sha shi. Bangon yana nan ban sake taɓa shi ba. Masu zuwa gaisuwar da suka makara har yanzu suna leƙa kicin, su yaba bango uku, su tambaye ni wane sakaran ne ya ɓata na huɗun. Nakan ce musu ni ce.